Allunan Tagulla na Kantin Kuza

Duk wanda ya san Taminus ta Jos a shekarun baya ya san Kantin Kuza, wanda kuwa ya san Kantin Kuza ya san Haladu. Ni Ishaku tela, shagona yana ƙasan ginin dab da ƙofar shiga, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Wani kamfanin haƙar ma'adinai ne ya gina shi, lokacin da kuza take kuza. Bene hawa uku, ƙasa kantuna, sama ofisoshi. Akwai kantin yadi, da na agogo da rediyo, da kemis, da mai takalman Ingila. A sama kuma lauyoyi ne, da 'yan inshora, da masu awon ƙasa, da likitan ido. Ranar Asabar matan ma'aikata sukan ci ado su zo su zaga, ko da ba za su sayi ko allura ba.

Haladu a Jos aka haife shi. Da ƙuruciya wankin kuza ya yi, har ruwan sanyi ya kama masa ƙafafu, sai aka ba shi gadin ƙofar ginin. Amma in ka tambaye shi aikinsa, ba zai ce gadi ba. A bangon ƙofar akwai allunan tagulla jere, kowane ofishi da nasa, ɗauke da sunan mai shi. Kowace safiya Haladu zai zo da toka da lemun tsami, ya roƙi ƙyalle a shagona, ya hau gugar su ɗaya bayan ɗaya har sai mutum ya ga haƙoransa a ciki. Bai yi boko ba, amma ya san kowane allo da mutuminsa.

"Wannan na Lauya Adigun ne, mai gaisawa da hannu biyu," yakan ce. "Wannan kuma na oga mai taba ne, bai taɓa amsa sallama ba, amma allonsa bai yi mini laifi ba."

Nakan ce masa, "Haladu, da kana goge fuskarka yadda kake goge tagullar mutane, da Tabawa ba ta yi ta mita ba." Tabawa matarsa ce. Sai ya yi dariya ya ƙara matsa lemo.

To, kuza ta faɗi. Kamfanin ya tattara ya sayar da ginin ga wani mai kuɗi a Legas, wanda ko launin fentinsa bai sani ba. Da aka yi sabuwar jiha a 1976, masu hulɗa da gwamnati suka bi sababbin gine-gine. Rufi ya fara yoyo, ƙanƙara ta farfasa gilasan sama, ba mai gyara. Mai agogo ya tafi, kemis ya bi shi. Inda ake sayar da takalman Ingila ya zama ma'ajiyar buhunan dankali.

Ofisoshi suna ta mutuwa, alluna suna ta ƙyalli. Wanda ya tashi ba ya ko waiwayar allonsa, Haladu kuwa ba ya bari a taɓa. In baƙo ya tambayi wani, amsarsa ɗaya ce: "Oga ya yi tafiya, zai dawo." Wallahi ba ƙarya yake nufi ba, haka ya ɗauka a ransa. Shi a ganinsa, muddin sunan mutum yana bango, mutumin bai bar gidan ba.

A damina ta 1978 wata mata mai suna Mariya ta zo daga garin Kuru sayayya. Ta yi firamare, ta karanta allon Dakta Oladele, likitan ido. Allo yana walƙiya, wa zai ce mata mai shi ya koma Ibadan tun bara? Ta tambayi Haladu, ya ce likita ya yi tafiya, su zo mako mai zuwa.

Ta kuwa zo, tana jan mahaifinta Badung da sanda, tsohon leburan kuza wanda ganinsa ke dushewa. Haladu ya ba su bencinsa, ya saya musu shayi, suka wuni, suka koma. Wani makon suka sake zuwa. Ni ina ciki ina fama da ɗinkin Sallah, ina ganin su ta taga, na zaci 'yan uwansa ne.

Zuwan da ya tona abin, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Mariya ta shigo shagona fakewa, jiƙe sharkaf, ta ce, "Oga tela, wannan likita yaushe ne zai dawo? Babana yanzu ko rana ba ya gani da ido ɗaya."

Na ce, "Wane likita?"

Ta nuna allon.

Kai! Raina ya ɓaci. Na tsayar da keke na fita, na ce, "Haladu, ka ji tsoron Allah! Mutumin da muka taya loda kayansa a mota ni da kai, shi ne zai dawo? Tsoho yana makancewa a kan bencinka, kai kana goge ƙarfe?"

Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutane. Badung ne ya miƙe, ya lalubi bango, ya shafa allon da tafin hannunsa, ya ce, "Ashe babu kowa. Amma ya yi santsi kamar na mai rai."

Ban taɓa ganin fuskar Haladu kamar ta wannan rana ba. Ya cire hularsa, ya mayar. Sannan ya karɓi sandan daga hannun Mariya, ya ja tsohon cikin ruwan nan, da ƙafafunsa masu ciwo, har asibiti. Da yamma ya dawo ya ce za su yi aikin ido ɗaya, ɗayan kuwa sun ce sai haƙuri. Na ce wataƙila dama can idon ya riga ya tafi tun kafin su fara zuwa nan. Ya ce, "Wataƙila." Bai yarda ba, kuma bai taɓa yarda ba.

Washegari ya ari sukundireban da nake gyaran keke da shi. Ya kwance allon likita, ya kwance na Lauya Adigun, ya kwance na oga mai taba, duk wanda ya san mai shi ya tashi. Kowanne sai ya goge shi tukun, sannan ya naɗe a ƙyalle. Bango ya rage tabo-tabo da ramukan kusa. Na ji tausayinsa har na kasa taka keke.

Bayan kwana biyu ya leƙo da tokarsa da lemonsa, ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Ishaku, wai kai ba za ka yi allo ba?"

Tela da allon tagulla! Na yi dariya, amma na je wajen maƙeran tagulla na sa aka buga mini. Ya kafa shi a tsakiyar bangon, wurin na likita. Ban da na masu dankali, ba shagon da ke buɗe sai nawa, amma sunana yana ƙyalli kamar na babban lauya.

Ruwan rufi ya ɓata mini shaddar mutane, ciniki ya bi jama'a, ni ma na kama shago a unguwar Kabong. Na rasa bakin gaya masa, sai ga mota ta tsaya ɗaukar kaya. Ina ɗaure keke na ji motsi a bayana. Haladu ne da sukundireba, ya riga ya kwance allon, ya goge, ya naɗe.

Na ce, "Haba, bar shi mana, ka samu abin gogewa."

Ya danƙa mini a hannu, ya ce, "A'a. Kada wata ta zo da yadinta ta zauna jiranka."