Tabon Ganye a Gidan Ƙasa

Daga barandata ina hango wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, durƙushe kan kwali a farfajiyar gidan ƙasa. Ta ɗaure zani tamau, ta tura tabarau saman goshi, ga bokitin ruwan sabulu a gefenta. Tana gurzar siminti da buroshi, inda jiƙaƙƙun ganye suka kwana suka bar tabo, kowanne da siffarsa har da jijiyoyi. In ta gurza sai ta watsa ruwa, ta karkata kai ta duba, ta ja tsaki, ta sake duƙufa.

Ba ta yi kama da 'yar aiki ba. Ina zaton uwar mai gidan ce, ta dawo zama wurin ɗanta, tana gudun a ce ta zama nauyi. Ƙofa na motsi sai ta waiga.

Ta ɗago, muka haɗa ido.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yawwa, 'yata. Kin ga bishiyar can ta bayan katanga? Ita ke min wannan ɓarna. Surukata kuwa ba ta son datti."

Bishiyar can ganyenta sirara ne. Tabon gabanta kuwa mai faɗi ne, irin na shukokin tukwanena, waɗanda kullum nake share ganyensu ƙasa ba tare da na leƙa ba.

"Allah ya ba da haƙuri," na ce.

"Amin, 'yar albarka."

Tsintsiyar tana bayana, na damƙe ta da hannu biyu.