Gidan da Saley Yake Nufi

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, Allah ya karɓi ran aminina Malam Saley Abdulsalami a wani lopital na Lyon, bayan jinyar ciwon hanta. Ya bar matarsa Halimatou da 'ya'ya biyu, Rachidou da Zuhura.

Saley, da kai nake. Lokacin da na sauka Paris ban san kowa ba, kai ka bar mini gadonka a masaukin leburori na Montreuil, ka koma kan tabarma, don kawai ka ji ina Hausar Damagaram. Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba, abin da na mallaka da hannuna na samo shi, ba wanda zai ce ya ɗora ni. Amma wannan gadon ban taɓa musun sa ba. A ɗakin nan muka yi alkawari, duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan zai kai shi gida, mu kwanta kusa da iyayenmu.

Da na buɗe shagona a Vénissieux, kai na fara kira, na ba ka tuƙin kamiyo, motar ɗaukar kaya. Kuma ni na aike ka da kayan wani otel zuwa Saint-Orsin, ƙauyen da ke maƙale a gefen dutse kamar gidan zanzaro. Ƙanƙara ta rufe hanya, ka kwana can, ka dawo da labari ba ya ƙarewa. Wai dā ana haƙar darma a wurin, da ramin ya mutu matasa suka watse, aka bar tsofaffi da tumaki. Na ce maka, "To kai jikan wa ne a cikinsu?" Ka yi dariya. Bayan shekara ka aje mini makullin kamiyon, ka kwashe iyalinka ka hau dutse.

Na yi fushi, amma na ga abin da ka yi. Ka zauna gaban tsofaffin nan ka kwashe tarihinsu kaf, har kai ne kake jan 'yan yawon buɗe ido zuwa bakin ramin darma, kana nuna musu hanyar alfadarai da majami'ar da aka rufa da fallen dutse. Da sanyi kai ke fasa wa gwauraye itace. Ɗalibanmu na Villeurbanne in sun hau ganin ƙanƙara, a gidanka suke cin tuwo, ba ka tambayar ɗan wa ne.

A lopital ka riƙe hannuna ka ce, "Bukari, ka kai ni gida." Na ce an gama. Ranar da ka cika na nemi jirgi, na buga wa Yaya Biba, babbar yayarka a Damagaram, na ce a shirya wuri gefen mahaifinku. Sai Halimatou ta tare ni a ƙofa.

"Alhaji, ba can yake nufi ba."

"Akwai wani gidan ne?"

"Saint-Orsin. Tun bara ya roƙi magajin garin wuri, an ba shi."

Tun bara, Saley. Magajin gari ya sani, mai gasa burodi ya sani, ni da muka ci a kwano ɗaya ban sani ba. Ka san abin da zan ji in ka ce gida. Ka bar ni na ɗauki alkawari a kan abin da ba shi ba ne, don ka san in na ce an gama ba na janyewa. Da ka faɗa mini da bakinka, da mun yi faɗa, da na zage ka, da kuma na haƙura kana da rai.

Na kai ka. Na tsaya a kan masu haƙa sai da suka juya kabarin ya dubi alƙibla, shi kaɗai a karkace cikin layin Nasara. Duk ƙauyen ya fito, tsofaffi sun cire huluna suna tsaye a ƙanƙara har muka idar da salla. Wata tsohuwa ta kama rigata tana kuka, ta ce, "Ɗanmu ne." Yaya Biba kuwa ta ce na sayar da ƙanenta ga dutse, ta daina ɗaukar wayata. Ban gaya mata zaɓinka ba ne. Gara ta riƙe ni da ta riƙe ka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sa itacen da ka fasa da baƙin da ka ciyar su tsaya maka. Halimatou, Rachidou, Zuhura, Yaya Biba da dangi na Damagaram, Allah ya ba ku haƙuri, ƙofata a buɗe take. Ya Ubangiji, ka yafe wa Saley gaba ɗaya, kada ka jira ni, ni har yanzu ina ƙoƙari. Amin.