Kunnen Yaya Surajo

Mahaifinmu bai taɓa sayen ƙarfe da ido ba. Rataye shi yake yi da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar masaba, ya karkata kai. In ƙarar ta yi tsawo ta tafi a hankali, ƙarfen lafiyayye ne. In ta yanke nan take, to akwai tsaga a ciki, komai sheƙin bayansa. Haka ya koya wa yayana Surajo a maƙerarmu ta Jega, ni kuwa, Luba, ina gefe ina tsintar gawayi. Ba wanda ya koya mini, don ɗiya mace ba a miƙa mata masaba, amma kunnena yana buɗe, duk ya kwashe.

Shekara talatin da biyar Yaya ya yi a kan uwar maƙera. Manoman albasa na Aliero wajensa suke zuwa neman garma da fartanya. Masu sayen tsohon sifirin ɗin mota ba sa biya sai sun kawo masa ya ƙwanƙwasa. In ya ce lafiya, magana ta ƙare. Mutum ne mai ƙarancin magana, ga taurin kai irin na gidanmu, amma bai taɓa cutar kowa ba. Usama, mai yi masa zuga, tare suka girma, tare suka yi furfura.

Ni na fara lura. A Maiyama nake aure, amma duk ranar kasuwa ina shigowa Jega da albasa, in biya ta maƙera. Sai in yi sallama sau uku yana kallon wuta. Wata rana aka kira sallar azahar a masallacin da ke bayansa, yana ta duka, sai da Usama ya taɓa masa kafaɗa.

Na ja shi gefe na ce, "Yaya, kunnenka ya tahi. Mu tai asibiti Birnin Kebbi."

Ya harare ni. "Wa yag gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Ihu nika yi maka yanzu haka!"

Ya ce, "Luba, in mutane sunka sani, mi yar rage min? Ƙarhin hannu kowa na da shi. Don Allah ki rufa min asiri."

Na rufa, kaicona. Da bakina da ba ya iya riƙe maganar maƙwabta, wannan ɗaya ce na riƙe.

Bara ne wata malamar jami'a daga Aliero, Malama Bushira, ta zo masa da kwalba cike da garin ƙarfe, irin wanda ke zuba in ana goge ƙarfe da inji. Ta ce tana bincike ne a kan yadda za a mayar da garin dunƙulallen ƙarfe ba tare da wuta ba. A zuba shi a ɗan turmin ƙarfe, a sa masa taɓarya, a saki nauyi daga sama ya faɗo. Ta ce bugun ba ya tsayawa a saman garin, ratsa shi yake yi har ƙasa ya dawo, kafin ƙiftawar ido ƙwayoyin sun cije juna. Ni dai da na ji, na ce ashe daɓe ne irin wanda muke yi wa ɗaki, sai dai nata na ƙarfe.

Yaya ya yi dariya har da tari. Amma ya ƙera mata. Ya kafa dogayen ƙarafa biyu a bayan maƙera, ya rataya tsohon kan inji a tsakani da igiya, Usama yana ja yana saki. Bugun farko, da aka fitar da abin, sai ga ɗan dunƙule kamar kwabo. Yaya ya ciza, ya sa masa masaba, bai watse ba. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A aljihu ya riƙa yawo da shi yana nuna wa mahauta da direbobi, yana cewa, "Ku duba, ba a hura wuta ba!"

Da aikin ya yi gaba, Malama ta ce tana son babban dunƙule, sai an ƙara nauyi, an kuma sami turmi mai kauri. Yaya ya samo gindin tsohon ƙarfen tirela ya sa aka rarake shi. Ranar da za a gwada ranar kasuwa ce, ina nan zaune a kan buhuna. Akwai mutane kusan goma da suka zo kallo.

Malama ta ce, "Baba Surajo, bari in kai turmin nan a duba shi da na'ura tukuna, ko akwai tsaga a ciki. Mako ɗaya ne kawai."

Wani mahauci ya ce, "Na'ura? Gaban Surajo?" Aka yi dariya.

Yaya ya rataye turmin da waya. Ya ɗauki ƙaramar masabar mahaifinmu ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yadda ya saba.

Ƙarar ta yanke. Na ji ta da kunnena, gajeriya, busasshiya. Na dubi Usama, shi kuwa yana can yana gyara igiya.

Yaya ya ɗago ya ce, "Lahiya lau."

Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe. Amma in ce me? In tashi a gaban maza goma da baƙuwa in ce babban wana bai ji ba, ni mai tallar albasa na ji? A maƙerar ubanmu, inda mace ba ta taɓa sa baki a maganar ƙarfe ba? Na ce wa raina wataƙila hayaniyar kasuwa ce ta ruɗe ni. Na gyara mayafina na yi shiru.

Usama ya ja igiya har ƙarshe, ya saki. Turmin ya tarwatse. Wani gutsure ya huda kwanon rufi, wani ya sami Usama a idon hagu. Innalillahi! Jini har ƙirjin rigarsa, yana ta kiran sunan Allah, aka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. An ceci ransa, idon kam ya tafi.

Malama Bushira ta yi ta kuka tana cewa laifinta ne da ba ta dage ba. Usama ya ce ƙaddara ce, har yau bai taɓa faɗin wata magana a kan Yaya ba. Yaya ne da kansa ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar ya gaya wa jama'a cewa shekara biyu ke nan ba ya jin ƙarar ƙarfe. Tun daga ranar ba wanda ya sake kawo masa sifirin. Yana ƙera fartanya, yana kai wa iyalin Usama hatsi, ya rame har wuyansa ya fito. Kowa ya ɗauki nasa kason na laifi ya faɗa a fili, ban da ni.

Makon jiya na same shi shi kaɗai, yana juya ɗan dunƙulen nan a tafin hannu. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Yaya, ran nan na ji ƙarar. Na san da tsaga. Tsoro nij ji, ban hwaɗi ba."

Ya juyo da kunnensa na dama, ya sa hannu a bayansa.

"Mi kic ce, Luba?"

Na dubi bakin titi, mutane suna ta wucewa. In zan maimaita, sai na ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

Na ce, "Cewa niy yi, ka ci abinci?"