Gudumar Ɗantala da Gadar Ruwan Gishiri

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar ɗinkina da ke kasuwar Ruwan Bago ya san Ɗantala, ya kuma san gadarsa, ko yana so ko ba ya so. Mijin yayata ne, marigayiya Saude, don haka abokin wasana ne, ina da ikon faɗin gaskiya a kansa: mutumin nan ya shekara ashirin da ɗoriya yana cika mana kunne da labarin gada ɗaya tak. Ka ce an yi ruwa a Falgore, ya ce kai dai ba ka ga ruwa ba. Ka ce geron bana ya yi kyau, kafin ka rufe baki ya kai ka bakin teku.

Yana saurayi ya bar gida, shekarar da gyaɗa ta ƙi, ya bi motar shanu ya yi kudu. Can ya samu aikin reluwe, aka tura shi kan wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ta ratsa ruwan gishiri, ta haɗa tudu da wani tsibiri. Ya ce ranar farko da rarrafe ya haye ta, yana salati, leburori suna ta dariya.

Ginin gadar kuwa na haddace shi ba da sona ba. Tun zamanin Turawa aka yi ta. An kafa manyan bututan ƙarfe a cikin taɓon ƙarƙashin ruwa, aka cika su da siminti da tsakuwa, su ne ƙafafunta. Ƙarafan sama babu walda ko ɗaya, ƙusoshi ne masu kai biyu suka riƙe su. A gasa ƙusa har ta yi jawur, a zura ta a rami, a daddoki ɗaya ƙarshen ya zama kai. In ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan gam. An kuma bar 'yar tazara a mahaɗa, domin ƙarfe yana miƙewa in rana ta buɗe.

Iskar gishiri tana cin ƙarfe yadda gara ke cin azara. Aikin Ɗantala na farko shi ne kankare tsatsa da shafa jan fenti, su kai ƙarshen gada su dawo su sake. Daga baya helma, shugaban leburori, ya lura yana da kunne, ya ba shi 'yar guduma. Sai Ɗantala ya ɗora yatsa a gefen kan ƙusa, ya ƙwanƙwasa. Lafiyayyar ƙusa tana amsawa "tin", wadda ta saki kuma ta ce "taf", sai ya zana mata alli a zo a sauya ta. Shekara ashirin da shida yana wannan.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida da gudumar. Babu ƙarfen da ya tsira a garin nan: keken ɗinkina, ƙyauren masallaci, garmar shanun maƙwabta, duk sun sha ƙwanƙwasa. Bayan Saude ta rasu idonsa ya fara tafiya, har ya tafi gaba ɗaya, amma kullum da hantsi yana rumfata.

Bara ya yi jinya, ya tashi da magana ɗaya: yana so ya koma ya gai da gadar. Likita ya ce ko Kano ba zai iya zuwa a mota ba. Daga nan sai ya daina labarin. Ya zo ya zauna shiru, guduma a cinya. Ni da nake roƙon Allah ya kawo ranar da zai yi shiru, da ranar ta zo sai tsoro ya kama ni.

Autarsa Munawwara tana aure a garin da gadar take, mijinta Muntaka yana sayar da hatsi. Na ce a aika mata da gudumar, ta je ta ƙwanƙwasa, shi kuma ya saurara ta waya. Tunda da kunne ya san gadar, rashin ido bai hana komai ba. Ya naɗe gudumar a tsumma da kansa, muka bai wa direban motar hatsi.

Bayan kwana shida Munawwara ta kira ni a keɓe. "Kawu Suhaibu, gadar nan fa ta mutu. An daɗe da daina bin ta, an yi sabuwa ta mota a gefe. Tsatsa ta cinye ta, katakan sun zube."

Na ce ta hau sabuwar ta buga ƙarfen gefe, ai ƙarfe ƙarfe ne. Dabarata ce, ba zan ɗora wa yarinya ba.

Washegari da hantsi na ajiye wayar a kan teburin yanka, na ƙara murya. Suka gaisa, ya tambayi Muntaka da yara. Sai ta buga. Tin, tin, ƙara mai daɗi kamar ƙararrawar makaranta. Na dube shi ina jiran murmushi.

"Sake," in ji shi. Ta sake.

"Munawwara, ke ko kawunki, wa ya kitsa wannan? Bututu kike bugawa, cikinsa fanko, kuma walda aka yi masa. Motoci nake ji a bayanki, ban ji ruwa ba."

Ta fashe da kuka. "Baba, ta lalace ne. Ba na so ka ji."

"Ai na sani. Ƙarfen da ya daɗe bai ga fenti ba a bakin gishiri, me kike zato? Da uwarki ta kwanta ciwo, kin ga na je na gai da wata na ce ita ce Saude? Sauka ki je. Kada ki hau, ki tsaya a tudu, ki buga ƙusar da hannunki ya kai."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Muka jira tana tafiya, ƙarar motoci na raguwa, har muka fara jin ruwa yana dukan wani abu a hankali. Ɗantala ya gyara zama, ya ɗora yatsa a bakin teburina.

Taf.

"Ita ce," ya ce. "Sannu, tsohuwa. Ta saki. Suhaibu, ba ni allin ɗinkinka."

Na sa masa a hannu, ya lalubi teburin ya ja layi. "Ta gaba, Munawwara."

Ƙusa goma sha ɗaya hannunta ya kai. Goma ya zana musu alli. Ta ƙarshe ta ce "tin", siririya ƙwarai amma ta fito. Ya sa ta maimaita har sau uku, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Ranar sai da ya ba mu labarin gadar tun daga kafa bututan, ban katse shi ko sau ɗaya ba.

Da kaka Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Layuka goman nan suna nan a gefen teburin, nakan kauce musu in zan shimfiɗa yadi. Ina kewarsa ƙwarai. Jiya wani ya shigo rumfa ya ce an yi ruwa a Falgore, na tsayar da keke ina jira, babu wanda ya tanka masa.