Shekarar da Baba Ya Tsallake Ɗaki na Huɗu

Ƙaurin babbaka ne ya tsayar da ni jiya a bakin hanyar Adakpamé. Wani mahauci ke ƙona gashin akuya, ni kuwa na yi turus da jakar cefane a hannu kamar wadda aka kira sunanta. A hancina wannan ƙauri Kirsimeti ne, kuma gidan hayarmu na unguwar Zongo yake mayar da ni.

Ɗaki tara ne a gidan, mu kaɗai ne Kirista. Duk Kirsimeti Baba kan sayi akuya, amma ba shi ke yankawa ba. Malam na ɗaki na huɗu ake kira, wani tela siriri mai sanyin magana, ya yanka da bisimilla don kowa ya ci hankali kwance. Inna ta dafa shinkafa, ni da ƙanwata mu raba kwano takwas ƙofa-ƙofa. Da Sallah kuma kwanukan maƙwabta su cika mana ɗaki.

Baba direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Ba zan ɓoye maka ba, mutumin kirki ne amma akwai zuciya. In ya hau, kaji ma barin tsakar gida suke yi. Shi ma ya san halinsa. Duk asuba, ladan na kira Baba na tashe mu, mu durƙusa a tabarma. Ya karanta Maganar Allah, sannan a cikin addu'a ya bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya yana roƙa musu lafiya da abinci. Ƙarshe ya ce, "Yesu, ka riƙe mini bakina yau." Wata rana addu'ar ta kai shi azahar, wata rana ko shayin safe ba ta kaiwa.

Ina shekara tara, wajen ƙarshen damina, ruwa ya jiƙa takardun motarsa, ya shanya su a kan benci. Ragon Malam ya tsinke igiya ya cinye rabi. Baba ya wanke Malam tas a gaban matarsa da 'ya'yansa, har ya taɓo iyayensa.  Malam ya ja ragonsa, ya shiga ɗaki, ya saki labule. Daga ranar ko gaisuwa babu.

Washegari a addu'a, Baba ya tashi daga ɗaki na uku ya sauka a na biyar. Haka aka yi ta yi mako da makonni. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, gado na yi. Wata safiya, kafin a ce amin, na ce, "Baba, ka tsallake ɗaki na huɗu." Inna ta mintsine ni a cinya har na ga taurari. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Baba ya rufe littafinsa ya fita ba karyawa.

Ana gobe Kirsimeti ya ɗaure akuya a gindin famfo ya ce bana da hannunsa zai yanka. Inna ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "To, maigida, bari in rage awon, don kwano takwas ɗin nan yadda suka tafi haka za su dawo." Na shige bayan ƙofa na yi kuka. Ba naman nake ji ba. Tsoro nake mu zama baƙi a gidan da aka haife ni.

Da asuba muka durƙusa. Baba ya kai ɗaki na uku ya tsaya, ya daɗe, har gwiwoyina suka fara zafi. Can ya ce, "Da ɗaki na huɗu. Ubangiji, ni ne mai laifi."

Bai tafi a ɓoye ba. Sai da gari ya waye sarai, mata suka cika famfo da bokitai, sannan ya kwance akuyar ya ja ta har ƙofar Malam. Ƙaton mutum ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya ce, "Malam, gaban mutane na ci mutuncinka, gaban mutane na zo. Ka yi mini gafara don Allah."

Labule ya ɗaga. Malam ya fito da wuƙa naɗe a tsumma. Ya ce, "Tashi, maƙwabci. Tun shekaranjiya na wasa ta. Na ce in ba ka zo ba ni zan zo, ka ƙara zagina in ka ga dama." Matan famfo suka fashe da dariya, Inna na share ido da bakin zane. Ranar na raba kwanukan da gudu, duk suka dawo a wanke.

Kada ka ɗauka Baba ya zama rago daga ranar. Ya sha faɗuwa, sai dai ya daina kwana da laifi. A hankali aka saisaita shi, har ya zama ƙananan direbobi wurinsa suke kawo rigimarsu a sasanta.

Yanzu an sayar da gidan nan, kowa ya kama gabansa. Ina zaune cikin katanga, nama daga firiji nake saya, ba mai kiran wani ya yanka masa. Ban raina ba, Allah ya rufa asiri. Amma 'ya'yana ba su yarda kakansu ya taɓa ɗaga murya ba, kuma shaida ɗaya ce ta rage mini. Ranar jana'izar Baba, Malam ya zo yana dogara sanda, ya zauna a benci bakin majami'a cikin rana har aka tashi. Da na je gaishe shi ya dube ni ya ce, "'Yata, wannan mutum a kan idona Allah ya gyara shi."