Ɗan Fari a Ɗakin Likita

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce da ƙannena su kira yayansu. Da na yi aure sai abin ya zo mata da sauƙi, komai ta wajen matata take biyo da shi, ki ce da mijinki kaza, ko da kuwa ina zaune a wurin. Muna yara in faɗa ya haɗa ni da wani, ko ni aka fasa wa kai, bayan wancan Inna take bi. Ban taɓa jin haushi ba, haka na tashi na gani. Ni ma in na je gaishe ta daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa.

Ina koyarwa a Tudun Wada, ita kuwa tana ƙauyenmu can bayan Doguwa, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Ni mutum ne mai baki, wannan kowa ya shaida. A majalisarmu ta bayan la'asar in aka ta da gardama ni ne a gaba. Akwai ranar da aka yi zancen wani dattijo da 'ya'yansa suka ɓoye masa cutarsa har ya rasu bai sani ba. Na miƙe ina bubbuga benci, na ce wannan zalunci ne ƙarara, jiki nasa, rai nasa, wa ya ba su izinin su yanke masa hukunci yana raye? Na ce da ni ne, wallahi ko kwana ba zan bari maganar ta yi ba. Aka ce Malam ya yi magana. Na koma gida kaina ya kumbura.

Farkon damina ƙanwata da ke aure a Riruwai ta kira matata a waya, ta ce Inna na da ƙullutu a mama, ta daɗe tana ɓoyewa. Asibitin kusa suka tura mu Kano. Su biyun ne suka raka ta aka ɗebi abin da za a auna. Amma ranar karɓo sakamako sai na ce su zauna, me suka sani a harkar asibiti? Ni ne mai boko, ni zan ji Turancin likita. Matata ta dube ni ta ce to. Muka kama hanya, ni a gaban mota, Inna a baya. A Kwanar Dangora na sayi rake, sai ta hannun wata fasinja na miƙa mata.

Likitar mace ce, yarinya ma, kuma Hausarta tas, babu inda aka nemi Turancina. Ta gaishe da Inna, ta buɗe takarda, sannan ta tambaye ta ko ta yarda a yi maganar a gabana. Duk mai hankali a nan zai tashi ya fita. Ni kuwa na zauna daram kamar an dasa ni. Inna ba za ta ce in fita ba, ba kuma za ta zauna a yi zancen ƙirjinta ina ji ba. Ta ja mayafi ta miƙe, ta ce, "Ki gaya wa mai rakiyar," ta fice. Likitar ta kira ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Haka aka gaya mini. Ciwon daji ne, sai an cire maman gaba ɗaya, kuma da wuri, don bai riga ya bazu ba. Na ce to a sa rana, na amince. Ta ce ba amincewata take nema ba, ta mai jikin ce. Nan fa na hau. Na ce ni ne babba a gida, ni nake ɗauke da ita, ita da bakinta ta ce a gaya mini. Likitar ta ce an ce a gaya mini, ba a ce in amsa mata ba, kuma ita ba za ta sa wuƙa a jikin baiwar Allah ta farka ta tarar an raba ta da wani sashe nata ba da saninta ba. Ta ce ko in faɗa mata da kaina, ko in dawo da ita tare da mace, ita ta yi mata bayani. Maganata ce ta majalisa take mayar mini, ni kuma ina tsaye ina musu da ita har da ɗaga murya. A waje na tarar da Inna zaune a ƙasa. Na ce da iska, an ce za a neme mu.

Na kai maganar wajen Kawu, yayan Inna, mutumin da ko shanunsa ba ya yarda a yi wa allura sai ya ga dama. Ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa mata. Ya ce fargaba ita ke fara kashe majinyaci kafin cuta, ya ga mutanen da suka je asibiti da ƙafarsu, aka faɗa musu sunan ciwo, aka dawo da su a kwance. Ya ce kuma mace mai shekarunta a bar ta ta koma ga Ubangijinta yadda ya halicce ta. Ya hana a gaya wa ƙanwata, wai bakinta ba ya riƙe magana. Na yi ɗan musu don kada a ce ban yi ba, amma a raina wani sanyi na ji.

Daga nan na zama masanin falsafa. Na kai zancen majalisa, na ce wani abokina ne abin ya sama. Wannan ya ce faɗa mata wajibi ne, wancan ya ce tausayi ya fi gaskiyar da za ta kashe mutum. Limaminmu ya ce neman magani umarni ne, ƙarya kuma haram, amma shiru ba ƙarya ba ne. Na ɗauki ƙarshen maganarsa na sa a aljihu, na bar masa farkon. Har wani ya tuna mini ranar da na bubbuga benci, na ce ai kowace mas'ala da yanayinta. Kai, baki bai yi ba. Alhali duk wannan dogon Turanci abu ɗaya yake rufewa: ba zan iya durƙusawa gaban Inna in ambaci mamanta ba. Na sha hawa babur in ratsa dajin Falgore ina bitar kalmomin, in isa, in gaishe ta, in tambayi shanu da masara, in juyo. Matata ta san komai, na kuma hana ta magana da sunan umarnin Kawu.

Masara ta yi goyo, ta nuna, aka karye ta. Ranar da muka je taya ɓarza ni da matata, Inna na zaune a inuwa, hannunta ɗaya ba ya ɗaguwa. Ina gefe ina ɗaure buhu sai na ji ta ce da matata, murya ƙasa-ƙasa amma yadda zan ji:

"Ki ce da mijinki, abin da ake ta kewaye-kewaye a kai, shi ya fara sha, autana ya ƙarasa. Na gama aiki da shi. In cirewa ce a cire."

Ashe tun ranar farko da aka ɗebi naman ta ji matan da ke layi suna zancen, ta gane inda aka dosa. Jira kawai take a zo mata da maganar. Igiyar buhu na hannuna, na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Muka koma Kano, wannan karon da matata, ni na tsaya a waje. Bayan an sake gwaje-gwaje likitar ta sa aka kira ni ciki, kuma Inna ba ta tashi ba. Likitar ta ce ciwon ya wuce hammata, ya taɓa ƙashi, aikin da ta yi mana magana a da yanzu ba zai yi abin da ake so ba, sai dai maganin rage raɗaɗi da abin da Allah ya yi. Sannan ta juyo kaina, ba faɗa, ba tsawa, ta ce, "Malam, ina kuka tsaya?"

Ni mai baki, sai na hau gyara hulata. Sai Inna ta amsa, tana kallon bango.

"Ni ce na ƙi. Ya faɗa mini tun ranar, ya yi ta fama da ni. Ba laifinsa."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa bin bayana a gaban mutane ba sai ranar, kuma da ƙarya ta bi. Likitar ta dube ni, ina jin jira take in ce wani abu. Matata ma ta dube ni. Na sunkuyar da kai na bar maganar a yadda Inna ta ajiye ta.

Ba ta ga wata daminar ba. A zaman makoki Kawu ya riƙa gaya wa masu gaisuwa cewa Allah ya rufa asiri, ta tafi cikin kwanciyar hankali ba ta san abin da ke damunta ba. Ina zaune kusa da shi a kan tabarma, ina karɓar gaisuwa, ina cewa amin.