Gidan Malama Luningning Ya Hau Tudu

Malama Luningning ba ta taɓa niyyar tsufa a San Roque ba. Tana budurwa aka turo ta koyarwa, wai shekara ɗaya, ga shi har furfura ta fito. Yayarta da ke Cebu ta gyara mata ɗaki tuntuni. Amma da ta ɗauko zancen tafiya sai iyayen yara su cika mata ƙofa suna marairaicewa, ita kuwa Allah ya zuba mata kunya, ba ta iya cewa a'a.

Darasin da aka san ta da shi shi ne bayanihan, wato aikin gayya a harshensu. Duk shekara takan sa 'yan ajinta su haɗa ɗan gida na kwali, su ɗora a kan sandunan gora su zagaya fili da shi. Wanda ya zame kafaɗarsa, sai ta nuna masa yadda nauyin ya koma kan na kusa da shi. Rabin magidantan ƙauyen sun sha wannan faɗan.

Da kogi ya fara cin ƙasar gindin gidanta a daminar bana, gaskiya daɗi ta ji. Ga dalilin da ba mai musawa. Ta haɗa akwatinta ta tura ƙarƙashin gado, ta gaya wa mai unguwa Crisanto, tsohon ɗalibinta, cewa gida dai ya tafi, ita ma za ta bi.

Ranar Asabar ta ji hayaniya. Maza ne fal da dogayen sandunan gora, suna zura su ƙarƙashin gidan, wanda dama na katako ne a kan turaku, 'yan ajinta na share hanya. Ta fito tana cewa su dakata.

"Koma gefe, Malama," in ji Crisanto yana dariya. "Ke kika ce kada a saki kafaɗa. Kai Efren, ɗaga mana, ko sai ta ja maka kunne irin na da?"

Tana tsaye gidanta ya tashi, ya bi hanya yana rangaji, da gado da akwati da komai. Suka dire shi a tudu, jikin katangar makaranta.

Mai gida ke ciyar da 'yan gayya, don haka ta dafa musu taliya, tana zubawa zuciyarta na ƙuna. Crisanto ya share gumi ya miƙo kwano.

"Yanzu ko kogin ya haukace, ba inda za ki, Malama."

Ta cika masa kwanon, ta ce ta gode.